Ɗingishin Injin Maigida

Mu biyu Maigida ya koya wa kanikanci a garejinsa da ke bayan tasha a Karaye, ni da aminina. Sa'annin juna ne mu, kwanonmu ɗaya, dukan da muka sha ma kusan ɗaya ne. Idan baƙo ya tambayi Maigida wanda ya fi iya aiki a cikinmu, sai ya nuna ni ya ce wannan kunne ne, ya nuna aminina ya ce wancan ƙafa ne. Gaskiyarsa kuwa. Ni tun mota tana kwanar tasha nake jin abin da ke damun ta. Shi kuma tuƙi Allah ya hore masa. Nawa tuƙin kuwa, ko akuya ba ta kauce min da sauri. Daga baya ya ajiye sifana ya zama direba, ya yi aure a Rogo ya tare a can, amma da wuya a yi mako bai leƙo gareji ba. Yana ce min Injiniya don tsokana, ni ina ce masa Direba.

Maigida yana da wani labari da ya ishi kowa. Wai a ƙuruciyarsa ya yi aiki a birni wurin wani Bature mai motar tsere, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa kamshaf ɗin motar. Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, kamshaf sandar ƙarfe ce mai tuddai a jiki. Tana juyawa, tuddan suna danna bawul yana buɗewa, mai ya shiga, hayaƙi ya fita. Maigida ya ce na Baturen ba irin na kowa ba ne. In aka sa shi a tsohuwar mota mai kafireto, wato abin da ke gauraya mai da iska, sai ta riƙa ɗingishi a tsaye kamar za ta mutu, amma da an taka ta babu mai kamo ta. A tambaye shi ina yake, ya ce yana nan cikin tarkace. A ce me ya hana ka sa shi, ya ce shi motocin haya yake gyarawa, ba zai ɗauki alhakin fasinja ba. Sai a kwashe da dariya.

Babban mai dariyar wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi a Rogo. Yayan matar aminina ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ba da aurenta. Don haka a wurin aminina suruki ne sosai, takalmi yake cirewa tun daga nesa, ya durƙusa, ba ya haɗa ido da shi. Alhajin yana da tsohuwar mota irin wadda Maigida yake faɗa, yana ji da ita fiye da shagonsa. Duk sanda ya kawo ta gyara, kafin ya gama fitowa zai ce, "Maigida, barka da aiki. Yau ma Baturen ya aiko da gaisuwa?" Maigida sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge hannu. Ni kuwa ina ƙarƙashin mota ina cizon leɓe.

A yankinmu, bayan an kwashe amfanin gona, akwai wasan da samari suke yi, tare da wasu magidantan da ƙuruciya ba ta sake su ba. Akwai wata miƙaƙƙiyar hanya a wajen Ruwan Bago, a tare ta da benci, a jera motoci biyu a gindin wata tsamiya. Mutum ya ɗaga hula ya sake ta, wadda ta riga tsallake kwalbati ita ta ci. Ba kwana, ba dabara, ƙarfin inji ne da ƙafar direba kawai. Mutanen Karaye gefe guda, na Rogo gefe guda, ana ta jifan juna da baƙar magana ana shan rake. Motar Alhaji ta daɗe tana ba mu kashi.

Da Allah ya yi wa Maigida rasuwa, magada suka bar min garejin, suka kira 'yan gwangwan su auna tarkacen ƙarafa. Na roƙe su alfarma ɗaya, a bar min tulin kamshaf da ke ƙarƙashin bencinsa. Aka bar min, ana kallona kamar mai taɓin hankali. Ni na san abin da nake so. Ina so in fito da gaskiyar bawan Allah nan a gaban waɗanda suka mayar da shi maƙaryaci har ya shiga kabari.

Daminar nan gaba ɗaya a kan tulin nan ta ƙare. Duk sun yi tsatsa, duk tsawonsu ɗaya, duk na irin motar nan ne. Na wanke su da kananzir, na goge su, na jera su a kan buhu, ido ya kasa raba su. Na ɗauki hotuna na tura wa kanikawan da muke zaure ɗaya da su a waya. Wani ya ce duk na banza ne, wani ya ce in sayar masa ya yi turken akuya. Akwai ranar da ni kaina na fara tunanin ko dai tsohon nan ƙara wa labarinsa gishiri yake yi, nan take na yi istigfari.

Sabulun wankin maiɗakina ne ya raba gardamar. Wata rana na ga sawun yatsana a jikin sabulu mai laushi, sai na kwashe mata duk wanda ke gidan. Na yanka shi fala-fala, na riƙa danna tudun kowane kamshaf a kai, ina jera sawun. Ta yi ta mita har dare, wai sai in saya mata wani kafin Juma'a. Sawun duk suka fito da tsini kamar kan ƙwan zabo, sai guda ɗaya. Shi nasa hancin mai faɗi ne, kamar kan babban yatsa. Na ɗauko zare na zagaya bayan tudun, na gwada da na sauran, sai na ga bayansa ya fi sirantaka, alamar an zauna an goge shi da gangan don tudun ya ƙara tsayi. Ma'ana zai danna bawul ya buɗe sosai, kuma ya daɗe a buɗe. Na kankare ƙarshen sandar da wuƙa. Sauran duk lambarsu ta kamfani ce, an zuba ta tare da ƙarfen. Wannan kuwa da hannu aka buga masa wasu 'yan alamu, a karkace ma.

Na zauna a kan tsohuwar taya na yi hawaye, ban ji kunyar kowa ba. Mutumin da na fara kira a waya shi ne aminina. Ya bar lodi a tashar Rogo ya taho, ya riƙe ƙarfen nan da hannu biyu yana cewa, "Allahu Akbar, Allah ya jiƙan Maigida." Har yau in na tuna fuskarsa a ranar, ban yarda ƙarya yake yi ba.

Akwai gangar motar Maigida a bayan gareji, kaji suna ƙwai a cikinta. Ita muka tayar. Sa kamshaf ɗin bai ba ni wuya ba, shawo kan injin ne ya kusa sa ni furfura. Tashin farko ta yi ta tari tana tofar da wuta ta kafireto. Na canza sifirin ɗin bawul na sa masu tauri. Na buɗa hanyar mai a kafireto kaɗan-kaɗan, don sabon numfashin nata ya fi ƙarfin abincin da ake ba ta. Na riƙa matsa tayimin, wato lokacin da wuta ke kamawa a inji, ina saurare, in matsa ta yi ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano, in dawo da shi baya ta yi kasala. Ratar bawul kuwa da reza nake aunawa, yadda Maigida ya koya mana, kuma wannan injin ba ratar kowa yake so ba.

Duk wannan aikin aminina yana gefena. Ya bar kanikanci shekara da shekaru, amma sai ga shi ya dawo yana miƙo sifana yana tambaya.

"Injiniya, a nan reza nawa ka sa?"

"Wannan hanyar man, da me ka buɗa ta?"

"In tayimin ya yi daidai, me za ka ji?"

Ni kuwa daɗi ya cika ni. Na ɗauka son aikin ne ya dawo masa, na ɗauka kewar Maigida ce. Ban rage komai ba. Abin da bai tambaya ba ma sai na jawo hannunsa na ɗora a kai ya taɓa.

Ranar da ta zauna daidai, ta tsaya tana wani irin bugu, gib-gidib, gib-gidib, jikinta duk yana rawa. Aminina ya ɓata fuska ya ce, "Anya ba fulogi ɗaya ne ya mutu ba?"

Na ce, "Direba, buɗe kunnenka. Ɗingishi iri biyu ne." Na zare wayar fulogi ɗaya, bugun ya koma na wahala, yana faɗuwa wuri guda kullum, bututun hayaƙi yana warin ɗanyen mai. "Wannan na ciwo ne." Na mayar da wayar. "Wannan kuwa na ƙarfi ne. Ba wuri ɗaya yake faɗuwa ba, yawo yake. Kuma taɓa totur ka ji." Ya taɓa, ɗingishin ya ɓace nan take, injin ya yi wata kururuwa da ta tashi tattabarun maƙwabta. Ya yi dariya ya ce shi duk ɗaya yake ji.

Da sassafe ya fita gwaji da ita ta hanyar Kwanyawa. Da ya dawo ya fito bakinsa har kunne. Ya ce, "Wallahi Injiniya, wannan ba mota ba ce, aljana ce." Ranar na kira mai rubutu a jikin motoci, ya rubuta mana da jan fenti a bayanta: Maigida bai yi ƙarya ba. Kafin la'asar labari ya kai Rogo.

Ana saura 'yan kwanaki wasa, aminina ya ce gara ya tafi da motar gidansa, don Ruwan Bago ta fi kusa da can, kada a gajiyar da ita a ranar. Ya ce kuma zai riƙa sabawa da kulocinta. Na miƙa masa mukulli ban ko ɗago kai daga aikin da nake yi ba. Wa zan yi wa zargi, mutumin da muka yi wa Maigida wanka tare?

Ranar wasan wani mai motar tumatir ya tsare ni da gyara, sai da hantsi ya yi sosai na hau acaɓa. Muna isa na tarar an cika, an riga an jera motocin a gindin tsamiya, duka biyun a kunne. Jama'a sun kare min gani, amma kunnena ba ya bukatar hanya. Na jiyo gib-gidib ɗin nan da na yi damina ina nema, tsaf, ba abin da ya canza. A gefensa kuma wani inji yana ɗingishin ciwo, na ce a raina yau Alhaji ya shiga uku, ko fulogi bai iya gyarawa ba. Na kutsa cikin mutane ina bin muryar injina, ina murmushi, ina amsa gaisuwa. Na ture mutum na ƙarshe, sai ga ni tsaye a gaban motar Alhaji.

Daga cikinta muryar injina take fitowa. Alhaji yana zaune a sitiyari da sabuwar hula, ya ɗago min hannu ya ce, "A'a, Injiniya, an iso lafiya? Ya mutanen Karaye?" Na amsa masa, ban san da me ba.

Na juya wurin tamu. Aminina yana jingine da ƙofa, da ya gan ni ya yi tsuru-tsuru. Na kama bonet zan buɗe, ya dafa hannuna ya ce an kusa tashi. Na ture hannun. Sabon gam ne a bakin murfin injin, irin wanda ni ba na amfani da shi. An murɗe sukurun iska na kafireto, an sassauta wayar fulogi ɗaya tana taɓawa tana saki.

Na ce, a hankali don kada na kusa su ji, "Direba, ina kamshaf ɗin Maigida?"

Ya sunkuyar da kai. "Injiniya, don girman Allah ka rufa min asiri. Alhaji ne ya kira ni har ɗakinsa, ya ce in ara masa na yau kawai. Da wane baki zan ce masa a'a? Ka san matsayinsa a wurina."

"Ni da wane baki ka tambaye ni?"

"Na san ba za ka yarda ba."

"Ka kuma san ba zan tona ba."

Nan ne gaskiyar take. Ya auna kunyar surukinsa, ya auna karar da zan yi masa, ya ga tawa ce ba za ta ci shi ba. Ya san in na buɗe baki a wurin nan, Alhaji ya ji kunya a gaban garuruwa biyu, a kan aurensa abin zai sauka. Matarsa yaya take ce min. 'Ya'yansa a cinyata suka yi wayo. Duk ya lissafa wannan kafin ya ɗauki sifana.

Ɗaukar ƙarfen ta yi min ciwo, amma ba ita ta fi ƙona ni ba. Tambayoyin nan ne. Reza nawa, me za ka ji, da me ka buɗa. Ina zaune ina zuba kamar famfo, ashe darasi yake ɗauka don ya je ya tayar da motar mutumin da ya yi shekaru yana yi wa Maigida dariya. Kuma ya iya, wallahi ya iya, setin bai kuskure ko kaɗan ba. Sannan ya dawo kan tawa motar ya ƙirƙira mata ɗingishin ƙarya, wai don in na zo in ji tana rawa in ɗauka komai yana nan. Ni! Ni da na zare wayar nan da hannuna na koya masa bambancin. Sata daban, raini daban, shi ya haɗa min duka biyun a safiya ɗaya.

Na tura wayar fulogin ta zauna, na ciro sukundireba daga aljihu na mayar da sukurun inda ya dace. Injin ya koma bugawa sumul, irin na kowace tsohuwar motar haya. Na ce, "In za ta faɗi, ta faɗi da lafiyarta." Na buga bonet ɗin da ƙarfin da sai da mutane suka waiwayo.

Aka ɗaga hula aka sake. Ba zan ɓoye ba, aminina ya tuƙa iya tuƙinsa, bai yi lako-lako ba. Amma tun kafin rabin hanya motar Alhaji ta yi kururuwar nan ta tafi, daidai yadda Maigida ya yi shekaru yana faɗa, babu mai kamo ta. Ina tsaye ina jin gaskiyar tsohon nan tana tsaga hanya, kuma duk taron nan mu uku kawai muka san ta waye. Tamu tana biye a baya, jan rubutun nan yana kallon jama'a, kowa yana karantawa.

Samarin Rogo suka mayar da shi waƙa. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Maigida bai yi ƙarya ba," sauran su amsa, "Sai dai kaɗan!" Alhaji ya dawo ana tafa masa, wani ya tambaye shi sirrin, ya ce kayan inji ya sa aka kawo masa daga Kwatano. Ya hango ni, ya ce cikin fara'a, "Injiniya, ashe dai Baturen bai aiko ba. Allah ya jiƙan Maigida, mutum ne mai ban dariya."

Maganar ta zo min har baki. Buɗe murfi ɗaya ya isa, alamun hannun nan suna nan a ƙarshen sandar. Na kalli aminina, yana durƙushe a gefen surukinsa, takalmi a hannu, idonsa a kaina yana roƙo. Na ce amin. Sandar raken da wani ya ba ni na karya gida biyu na jefar a kwata, na tafi neman acaɓa.

Bayan kwana biyu ya dawo da motar, kamshaf ɗin yana naɗe a buhu a kujerar baya, ga damin rake wai na yara. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, don ni ma ina son Allah ya yafe min. Na ɗauki buhun, na ce raken ya koma da abinsa. Ya ce baɗi sai mu sake sawa, shi zai tuƙa, a wanke sunan Maigida. Na tambaye shi, in Alhaji ya sake kiran sa ɗaki fa? Sai ya kama wasa da mukulli.

Ban sake sa kamshaf ɗin ba. Ni ba ni da ƙafa, kuma ban ga wanda zan sake miƙa wa mukulli ba. Motar ta koma bayan gareji, kaji sun koma gidansu. Rubutun ban goge ba, rana ce take cin sa a hankali. A Rogo har yau in mutum ya cika baki, sai a ce masa ko Baturen ne ya aiko.

Gaisuwa ba mu fasa ba. Ina zuwa sunan 'ya'yansa, yana zuwa na nawa, muna tambayar iyali da gajiya da hidima har ƙarshe, wanda bai sani ba ba zai gane komai ba. Bara ya shigo gareji da motar hayarsa. Tun tana kwanar tasha na ji bawul ɗaya yana ƙyas-ƙyas, aikin da ba zai kai a sha shayi ba, kuma ba abin da zai cuci fasinja. Muka gaisa. Ya buɗe bonet, ya bar ta a kunne, ya matso kusa da ni yadda muke tsayawa tun muna yara.

"Injiniya, me ka ji?"

Na goge hannuna da tsumma, na ce, "Ban ji komai ba, Direba."

Ya dube ni, ya san na ji. Ya ɗan tsaya ko zan ƙara wani abu, sannan ya rufe bonet ɗin a hankali, ya ce a gaida gida. Na ce gida zai ji. Ina jin ƙyas-ƙyas ɗin har ya sha kwana.